Yadda ake ziyartar Círculo de Bellas Artes a Madrid, daga bakin ƙofa har saman bene

Tun ranar da na sa hoton nan da na ɗauka daga saman wani bene a Madrid, mai kubba baƙa da adon zinariya a bayana, tambayoyi ba su yanke ba. Wani ɗalibi ne da ya samu gurbin karatu a Sifaniya, wani ɗan kasuwa ne da zai yi kwana uku a garin, wata baiwar Allah kuma so take ta san ko wuri ne da za a je da yara. Wurin sunansa Círculo de Bellas Artes, ana furta shi kamar "Sirkulo de Beyas Artes". Ƙungiya ce ta masu zane da sassaƙa da marubuta da aka kafa a 1880, ginin da take ciki yanzu kuma an buɗe shi a 1926, aikin maginin nan Antonio Palacios. Iyakar tarihin da za ka ji daga gare ni ke nan.

Akasarin baƙi abin da suke yi shi ne su sayi tikiti, su shiga lif, su yi hoto a sama, su sauko. Kamar wanda aka gayyata walima ne ya tsaya a zaure ya sha ruwa ya juya. Gidan yana da zaurukan baje kolin zane da hotuna, da silima, da gidan wasan kwaikwayo, da wurin shan gahawa, kuma kowanne da lokacinsa. Idan ka jera su daidai, da kuɗi kaɗan za ka ga duka. Idan ka jera su a karkace, za ka tarar da rabin ƙofofin a rufe.

1. Zaɓi rana, sannan ka zaɓi sa'a

Kafin komai, buɗe shafin gidan na intanet, circulobellasartes.com, ka duba abin da ake nunawa a makon da za ka je. Abubuwan da ake bajewa suna sauyawa, ba kamar gidan tarihi ba ne da za ka tarar da kaya iri ɗaya kullum. Wani lokaci hotunan kyamara ne, wani lokaci zane, wani lokaci takardu da littattafan wani marubuci.

Zaurukan baje kolin suna buɗewa daga Talata zuwa Lahadi, sau biyu a wuni: daga ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana, sannan daga 5 na yamma zuwa 9 na dare. Saman benen, wanda suke kira azotea, shi kullum a buɗe yake tun da hantsi har tsakar dare.

Gargaɗi: kada ka je ran Litinin, kuma kada ka isa tsakanin ƙarfe 2 da 5. Ni kaina zuwana na farko ƙarfe uku na rana na isa, cikin watan Yuli, na hau sama na sha rana kamar mai jiran mota a tasha, na sauko na tarar da zauruka a kulle. Ba laifin kowa ba ne, ni ne ban duba ba.

Sai batun faɗuwar rana, wanda shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. A Madrid cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura kwata na dare. A Disamba kuwa kafin ƙarfe shida ta faɗi. Saboda haka tsarin bazara daban, na hunturu daban. Daga Mayu zuwa Agusta, shiga zaurukan da ƙarfe 5 ko 6, ka gama a natse, ka hau sama wajen ƙarfe 8. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu juya abin: fara hawa sama wajen ƙarfe 5, ka ga rana ta faɗi fitilu sun kama, sannan ka sauko zaurukan, tunda suna nan har 9.

Wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar ya lura da agogo. A hunturu lokacinmu ɗaya da na Sifaniya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya.

2. Abin da za ka riƙe

Ba kaya da yawa ba. Waya mai cikakken caji, katin banki, da 'yan Yuro a aljihu ko da katin zai ƙi aiki, abin da katunan gida suka saba yi a daidai lokacin da ake jiranka a layi. Idan ɗalibi ne kai, ɗauki katin makaranta, domin akwai rangwame ga wasu rukunonin mutane, kuma ba a yarda da faɗar baki sai an ga kati.

A bazara riƙe ruwa da hula. A hunturu sa rigar sanyi mai kauri, don iskar da ke saukowa daga duwatsun Guadarrama ta fi ta ƙasa cizo sosai idan kana sama. 'Yan uwa mata su daure su sa fil a gyale ko su zaɓi hijabin da ba ya tashi, iskar saman benen ba ta da kunya. Babbar jaka ka bar ta a masauki.

3. Yadda za ka isa

Adireshin shi ne Calle de Alcalá, lamba 42, dab da inda titin Alcalá ya haɗu da Gran Vía. Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro. Hau layi na 2, mai jan launi, ka sauka a tashar Banco de España. Da ka fito, ba wa dandalin Cibeles baya ka haura titin Alcalá. Minti biyu zuwa uku za ka ga ginin a hannunka na hagu, dogo mai hasumiya. Tashar Sevilla ma a layin take, ita kuma gangarowa za ka yi. Idan kana Puerta del Sol, kada ka wahalar da kanka da jirgi, tafiyar minti goma ce a ƙafa.

A metro ba a sayar da tikitin takarda. Sai ka fara sayen katin da ake kira Multi a na'urar tasha, Yuro 2.50, sannan ka loda masa tafiya. Tafiya ɗaya a cikin gari tsakanin Yuro 1.50 ne da 2, gwargwadon yawan tashoshi. Kati ɗaya ya ishi mutum biyu ko uku idan tare kuke tafiya.

Wanda zai taho kai tsaye daga filin jirgin Barajas yana da zaɓi. Akwai bas mai suna Exprés Aeropuerto, kuɗinta wajen Yuro 5, tana aiki dare da rana, kuma tana tsayawa a Cibeles. Tasi kuwa farashinta zuwa tsakiyar gari ƙayyadadde ne, Yuro 33, babu ciniki. Idan metro ka hau daga filin jirgi, akwai ƙarin Yuro 3 a kan kuɗin tafiya.

Gargaɗi na farko: a kan wannan titin, a lamba 13, akwai wani gida mai suna Real Academia de Bellas Artes de San Fernando. Shi ma gidan zane ne mai daraja, amma ba shi kake nema ba. Idan ka rubuta "Bellas Artes" kawai a taswirar waya, tana iya kai ka can. Rubuta sunan cikakke.

Gargaɗi na biyu: tsakanin Sol da Gran Vía da cikin metro akwai 'yan sane, kuma sun ƙware. Waya da walat a aljihun gaba, jaka a ƙirji. Fasfo ka bar shi a masauki ka riƙe kwafinsa idan dai ba wani dalili. Lambar gaggawa 112 ce.

4. Ƙofar shiga da sayen tikiti

Ginin a kusurwa yake. Gefen da ke kallon babban titi teburan masu shan gahawa ne a jere, shi ya sa mutane suke ta zagaye suna neman ƙofa. Shiga ɗan titin da ke gefe, Calle del Marqués de Casa Riera. Ta nan ake shiga, nan kuma za ka ga layi idan akwai.

Wurin sayar da tikiti sunansa taquilla. A 'yan shekarun nan kuɗin shiga yana tsakanin Yuro 5 da 6. Abin da za ka tabbatar kafin ka biya shi ne tikitin ya haɗa zaurukan baje koli da saman bene. Ka ce wa mai sayarwa: "exposiciones y azotea". Ko ba ka jin Sifaniyanci, waɗannan kalmomi uku sun wadatar. Fara da "hola", ka rufe da "gracias". Mutanen Madrid ba sa doguwar gaisuwa irin tamu, amma suna lura da wanda bai yi ko gajerar ba.

Gargaɗi: adana tikitin har ka fita, ana iya neman ganinsa a ƙofar zaure da kuma bakin lif. Kuma ka tambaya ko saman a buɗe yake a ranar, domin akan rufe shi, ko wani ɓangarensa, idan an kama wurin don wani taro ko iska da ruwa sun yi yawa. Da yammacin Juma'a da Asabar layin masu hawa sama yakan fito har titi. Talata zuwa Alhamis sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

5. Zaurukan baje koli

Da ka shiga, kada ka yi saurin nufar lif. Tsaya ka dubi matakalar marmara mai reshe biyu da manyan madubai a jikin bango. A ganina ita ce abu mafi kyau a ginin, kuma mafi yawan mutane suna wuce ta kansu a sunkuye cikin waya. Hau ko da hawa ɗaya ne da ƙafa, ka juyo ka kalli ƙasa.

Manyan zaurukan baje kolin uku ne: Sala Picasso, Sala Goya da Sala Minerva. Ba a hawa ɗaya suke ba, don haka tun a wurin tikiti ka tambayi waɗanda ke da abin nuni a ranar da kuma inda suke. Ba kullum ne duka ukun ke aiki ba, tsakanin kwashe wani baje koli da shirya wani akan rufe zaure na kwanaki. Sunan Picasso a jikin zauren bai nufin zanensa ne a ciki ba. An sa sunan ne don girmamawa, shi da ya taɓa ɗaukar darasi a ƙungiyar yana saurayi. Mai son ganin Guernica, shahararren zanensa, sai ya tafi gidan tarihin Reina Sofía, kusa da tashar Atocha.

Ba wa kowane zaure minti talatin zuwa arba'in. Fara da karanta dogon bayanin da ke bangon farko, shi ne makullin sauran. Idan da Sifaniyanci kaɗai aka rubuta, ɗora kyamarar waya a kai ta fassara maka. Bayan nan zaga sau ɗaya da sauri, sannan ka koma wurin abu biyu ko uku da suka riƙe maka ido ka daɗe a gabansu. Wanda ya ce sai ya karanta kowace 'yar takarda a ƙarƙashin kowane hoto, kafin zaure na biyu ya gaji ya daina gani.

Gargaɗi: ba a taɓa kaya, ba a jingina da bango, ba a shiga da abinci. Hoto kuwa ka tambayi mai gadin zaure tukuna, dokar ta danganta da abin da ake nunawa, kuma ko an yarda ka kashe walƙiyar kyamara. Ga mai zuwa da iyali, gaskiya ita ce zanen Turawa bai ɗauki tsiraici a bakin komai ba. Duba hotunan baje kolin a shafinsu tun a gida, ko ka fara leƙawa kai kaɗai kafin ka shigo da yara.

Wasu ɗakunan, irin su babban zauren rawa da Sala de Columnas da gidan wasan Fernando de Rojas, ba a shigarsu da tikitin yawo. Sai idan akwai lacca ko kiɗa ko wasa. Ɗakin karatu da ɗakunan koyon zane kuma na 'yan ƙungiya ne da masu rajista. Idan ka ga ƙofa a rufe, ba wulaƙanci ba ne, gida ne da ake aiki a cikinsa.

6. Hawa sama

Lif zai kai ka hawa na bakwai. Ka isa aƙalla minti arba'in da biyar kafin faɗuwar rana, in ba haka ba bakin shingen ya cika, sai dai ka yi ta leƙe ta kafaɗar mutane.

Abu na farko da za ka ci karo da shi shi ne mutum-mutumin Minerva, gunkiyar hikima ta Romawan da, na tagulla, tsayinsa ya haura mita shida, da kwalkwali da mashi. Aikin Juan Luis Vassallo ne, an ɗora shi a 1966, kuma shi ne tambarin ƙungiyar. Daga nan wuce kai tsaye zuwa gefen da ke kallon mahaɗar Alcalá da Gran Vía. Kubbar nan baƙa mai zinariya da mutum-mutumi mai fukafukai a kanta ita ce ginin Metrópolis. Kana kimanin mita 56 sama da titi, motoci a ƙasa kamar kiyashi, jiniya tana iso ka a makare. Yi hotonka a nan da wuri tun da sauran haske, sannan ka ajiye wayar.

Zaga ta dama a hankali. Farin ginin nan mai kama da fada a dandalin Cibeles shi ne hedikwatar hukumar birnin, shi ma da hannun Palacios a zanensa. Bayansa koren da ka hango lambun Retiro ne. Can arewa dogayen benaye na gilashi, in sama ta washe kuma a bayansu za ka ga duwatsun Guadarrama, a hunturu da farin ƙanƙara a kansu. Idan ka bi Gran Vía da ido za ka ga ginin Telefónica mai agogo a sama.

Abin da ya fi burge ni ba faɗuwar ranar ba ce. Minti goma sha biyar ɗin da ke biye da ita ne, lokacin da sama ba ta gama duhu ba amma fitilun Gran Vía sun kama. Yawancin mutane a daidai lokacin suke tururuwar sauka. Ka bar su su tafi.

Gargaɗi, kuma wannan shi aka fi tambayata: saman benen mashaya ce da gidan abinci. Ana sayar da giya, akwai kiɗa, musamman da dare. Tikitinka na kallo ne, babu wanda zai tilasta maka sayen komai, kana iya tsayuwa ka kalli gari ka sauka. Amma kujeru da gadajen hutawa na masu sayen abin sha ne, teburan cin abinci kuma sai an kama tun da wuri. Wanda ba ya son zama a irin wannan yanayi, ko yake tare da yara, ya hau da hantsi ranar aiki. Wurin shiru, hasken ma ya fi kyau ga hoton Metrópolis. Abin sha a sama ya fi na titi tsada, duba farashi kafin ka yi oda.

7. Ci da sha, da sallah

A ƙasa akwai wurin shan gahawan gidan, La Pecera, wato "tankin kifi", sunan da aka laƙaba masa saboda manyan tagogin da masu wucewa ke hango na ciki ta cikinsu. Rufi mai zane, fitilu masu reto, ginshiƙai. A tsakiyar ɗakin akwai sassaƙen marmara na mace kwance ba sutura, aikin Moisés de Huerta, don haka idan da yara ko surukai kake, zaɓi teburin waje ko na gefen taga.

Abin da za ka nema ba tare da fargaba ba: café con leche, gahawa da madara ke nan, ko té, wato shayi, ko zumo de naranja, ruwan lemo. Tortilla de patatas wainar ƙwai ce da dankali. Ruwan famfo kyauta ne a gidajen abincin Sifaniya idan ka ce "agua del grifo", kuma na Madrid mai kyau ne.

Gargaɗi: haddace kalmomin nan, duk alade ne: cerdo, jamón, chorizo, tocino, panceta, lomo. Ka ce "sin cerdo, sin alcohol". Kada ka tsaya a nan, domin wasu masu hidima ba sa lissafa jamón cikin "nama". A wani ƙaramin shago can wata unguwa na taɓa cewa ba na cin nama, aka kawo mini croquetas, wasu 'yan dunƙule soyayyu, na gutsura na ga jajayen ɗigon jamón a ciki. Tun daga ranar nake ambaton jamón da sunansa. Ka kuma lura da ɗan abin taɓawar da ake ajiye maka kyauta tare da abin sha.

In abinci mai nauyi kake so, gangara unguwar Lavapiés, tafiyar kimanin minti ashirin. Akwai gidajen abincin 'yan Senegal da Maroko da Bangladesh, da mahauta masu naman halal, da ƙananan masallatai. Kada ka sa ran wurin sallah a cikin Círculo. Yi alwala kafin ka fito, ka duba lokacin la'asar na ranar ka tsara inda za ka yi ta, ka kuma tuna cewa kallon faɗuwar rana yana nufin magariba za ta same ka a sama, don haka ka san inda za ka nufa da ka sauko. Ran Juma'a manyan masallatan biyu ne: na M-30, kusa da tashar Barrio de la Concepción a layi na 7, da masallacin Abubakar a unguwar Tetuán, kusa da tashar Estrecho a layi na 1. Daga kowannensu za ka iso Alcalá kafin a sake buɗe zauruka ƙarfe 5.

8. Idan kana da sauran lokaci

Silimar gidan, Cine Estudio, ƙofarta a wannan ɗan titin na gefe take, tikitinta daban. Tana nuna finafinai da harshensu na asali, fassarar Sifaniyanci a rubuce a ƙasa. Alamar haka a jadawali ita ce VOSE. Mai jin Faransanci ko Turanci ko Larabci ya duba harshen fim ɗin kafin ya saya.

Wanda ziyararsa ta faɗo a makon 23 ga Afrilu ya yi sa'a. Tun 1997 ake karanta littafin Don Quijote na Cervantes a gidan, daga farko har ƙarshe ba tsayawa, wajen awa 48, dare da rana. Wanda ya ci lambar yabo ta Cervantes a shekarar shi ke buɗewa, daga nan mutane su yi ta karɓa, kowa ɗan sakin layi, manya da 'yan makaranta. Ko ba ka fahimtar kalma ɗaya, shiga ka zauna na rabin awa. Wanda ya taso yana jin ana karɓa-karɓar karatu ba zai ji abin baƙo ba.

Lissafin kuɗi kuwa, katin metro da zuwa da dawowa wajen Yuro 6, tikitin shiga 5 zuwa 6, gahawa da ɗan abin taɓawa a ƙasa. Yuro 20 ga mutum ɗaya sun isa idan ba a ci abinci a sama ba. Idan ka zaɓi zuwan safe ka fito ƙarfe biyu, gidan tarihin Prado yana gangare kaɗan ta Paseo del Prado, kuma shiga kyauta ne a awa biyun ƙarshe: ƙarfe 6 zuwa 8 daga Litinin zuwa Asabar, 5 zuwa 7 ran Lahadi. Layinsa yakan fara taruwa tun kafin lokacin, ka je da rabin awa a hannu.